Wanda Muka Zaunar a Bencin Dangi

Ranar da aka ɗauki gawar mijin ƙanwata daga gidansu na unguwar Maamobi, nan Ankara, maganar da na fi ji a bakin masu gaisuwa ita ce, "Au, ashe da ma yana raye?" Ba da mugunta suke faɗa ba. Wani mai shayi da ya yi shekaru yana ƙure rediyonsa saboda shi ya durƙusa a gabana ya ce, "Hajiya, wallahi na ɗauka tuni ya koma garinsu." Wata tsohuwa ta taso tun daga Kotobabi tana dogara sanda, ta zauna tana kuka, ta ce saboda shi aka kai musu famfo. Da aka tambaye ta ko ta san shi sosai, sai ta ce, "Sosai mana, wannan ɗan Cainan." Ba ɗan Caina ba ne. Mutumin Filifin ne, kuma ya gaji da gyara wa mutane wannan tun gashinsa yana baƙi. Cikin samarin da suka ɗauki makara kuwa, na ji wani yana tambayar ɗan'uwansa, "Cale, wane ne ma wannan oburonin?" Haka suke ce wa duk farin mutum.

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Jikarmu ce take rubutawa, ni ina faɗa. Jikar ƙanwata ce, jikar mamacin, amma a bayana ta girma. Na gaya mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini Hausa, don kakana fataucin goro ne ya kawo shi ƙasar nan daga Kano, kuma a gidanmu har yau mace mace ce a magana, namiji namiji.

A Zango in mutum ya rasu, ana duba bayansa a ga su wa ya bari a tsaye. Ran addu'a za a kafa rumfuna a tare hanya, a jera kujeru, can gaba kuma a ajiye benci guda na mutanen garin mamaci, danginsa na wajen uba. Su ake bi a yi wa gaisuwa. Bazabarme ya mutu, Zabarmawa su cika bencin har wasu su tsaya a baya. Kotokoli haka, Moshi haka, Wangarawa haka. Ko ɗan dako ne mai kwana a barandar shago, sai an je an nemo wani daga ƙauyensu, ko da a tashar Malam ne, an zaunar. Mijin ƙanwata 'ya ɗaya Allah ya ba shi, ita ma ta riga shi tafiya. Ran addu'ar uku mai shela ya ɗaga lasifika ya ce, "Ina dangin mamaci? Mutanen garin mamaci su matso gaba." Ya sake faɗa. Bencin yana nan a rana, babu kowa. Liman ya yi gyaran murya ya ce a ci gaba.

Muna can baya wajen tukwane, maƙwabciyarmu, wata 'yar Kotokoli mai baki, ta ce da irin Hausarta, "Hajiya, mijin ƙaninka ba shi da kowa ne? Kamar daga sama ya faɗo."

Na ce, "Ƙasa guda gare shi, ta fi taku girma. Ran arba'in za ki ga mutanensa da idonki."

A gaban mata na faɗa, ana tuƙa tuwo. Ƙanwata ta ɗago ta dube ni, idonta duk ya kumbura, ban manta irin kallon ba. Ta yarda da ni. Tun muna yara in na ce zan yi abu, ba ta tambayata ta yaya. Alhali a ranar ban san ko mutum ɗaya daga ƙasarsu ba.

To bari in faɗi ko wane ne, tunda kun manta.

Yayanmu ne ya kawo shi, lokacin yana jan babbar mota tsakanin Ankara da Sakkwato. Na fito tsakar gida na ga wani ɗan guntun mutum, fari-fari, ido ƙanana, riƙe da ƙaramin rediyo manne a kunnen hagu. Na buɗe baki zan ce wa yayanmu wannan kuma daga ina, sai mutumin ya yi mini sallama da Sakkwatanci tsantsa, har da "ina kwana, ina gajiya, yaya ɗiya." Na kusa sakin kwanon da ke hannuna. Da aka kai shi wajen mahaifiyarmu, ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa, ya ce haka ake gaida manya a garinsu. Tsohuwa ta janye hannunta tana salati, amma daga ranar ba ta cin tuwo sai ta tambaya ko an kai wa baƙo.

Da ya nemi auren ƙanwata ni ce na tsaya. Ya musulunta tun a Sakkwato, sallarsa ta fi ta wasu da aka haifa a ciki, wannan ban yi musu ba. Amma na ce masa a fuskarsa, "Ba ma ba da 'ya ga wanda ba mu san inda kabarin kakansa yake ba." Sai ya ce, "Yaya, gaskiyarki. Ni ma inda za a san nawa nake nema." Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma tun daga ranar har ya mutu Yaya yake ce mini. Mahaifiyarmu ta ce a ɗaura, aka ɗaura.

Labarinsa bai ba ni shi a zama ɗaya ba. Guntu-guntu na tsinta, yau kaɗan a bakin rumfata, wata shekara kuma kaɗan a wajen suna. A wani gari na bakin teku yake aikin rediyo, shirin safe, lokacin da masunta ke dawowa. Sai mai mulkin ƙasarsu ya ce daga yau shi kaɗai ne mai magana. Aka fara ɗauke samari, 'yan makaranta da manoma, ba a cewa ga inda aka kai su. Iyaye mata su bi barikin nan su bi wancan, a kore su. Shi kuma sai ya buɗe musu ƙofar ɗakin watsa shiri. Ba ya yin jawabi. Ya zaunar da uwa, ya matso mata da makirfo, ta ce, "Ɗana, in kana jina, ni ce." Wata ta tashi, wata ta zauna. Ya ce mini garin gaba ɗaya tsayawa yake cak, har masu saida kifi ba sa ciniki sai an gama. Daga nan ya fara bin ƙauyuka yana tara mutane, ya shiga ƙungiyar masu cewa a dawo da zaɓe.

Sojoji suka zo suka ɗauke shi ana tsakar shiri. Abin da na sani game da inda suka ajiye shi kaɗan ne: suna tafa masa hannu biyu a kunnuwa lokaci guda, har na dama ya mutu. Shi ya sa rediyo kullum a hagu, shi ya sa in kika zauna masa a dama sai ki yi ta magana ke kaɗai. Sauran bai taɓa faɗa ba. Ƙanwata ce ta ce mini duk zamansu bai yarda an sa wa ƙofar ɗaki sakata ba, ko ana ruwa da iska. Da aka sake shi, wani ya raɗa masa cewa in aka sake kama shi ba zai fito ba. A lokacin ana ɗibar malamai daga ƙasarsu zuwa makarantun Arewacin Najeriya, ya bi su. Da aikin ya ƙare, gida ba ya komuwa, sai ya hau motar yayanmu.

Ranar da aka hamɓarar da mai mulkin nan ina nan. Da idona na ga mijin ƙanwata, mutum mai kunya, yana gudu a titin Maamobi ba takalmi, rediyo a sama, yana ihu da yarensu. Ya rungume mahauci har rigarsa ta ɓaci da jini. Ya sayi akwati, ya ce zai kai matarsa da 'yarsa su ga teku irin nasu. Akwatin ya cika, yana jingine a bango. Sai wata safiya ya ji a rediyon nan nasa cewa hafsan da ke kula da barikin da aka tsare shi ya samu babbar kujera a sabuwar gwamnati. Ya kwashe kayan ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Akwatin kuwa, ƙanwata ta ci gaba da zuba zannuwa a ciki.

Da aka fara buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu a Ankara, aka ba shi filin Hausa. Nan ne kuka san shi, ku da kuka manta. Baban Rediyo kuke ce masa. Ya rataya rikoda ya shiga lungunan da ko ɗan siyasa mai neman ƙuri'a ba ya shiga. Ya tsaya a bakin babbar gotar Nima, kwatar da ta ratsa unguwarmu, wari na tashi, ya miƙa wa mai koko makirfo ya ce, "Mma, faɗa musu da bakinki." In mutum ya ce, "Kai dai ka faɗa, ka fi mu iya magana," sai ya girgiza kai ya ce, "Wanda abin ya sama shi zai faɗa. Ni riƙe ƙarfen ne aikina." Yana cin shinkafa safe, rana, dare, ya tsiyaya mata ruwan tsami na kwalba har sai idon na kusa da shi ya yi ruwa. Tuwon zafi kuwa don kunyata kawai yake ci, ina gani yana haɗiyewa kamar magani.

Mun yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Ni ce magajiyar matan wata jam'iyya a unguwarmu, in zaɓe ya zo ta hannuna atamfa take bi. Ranar nan ina rumfa, rediyo na kunne, sai na ji muryarsa yana cewa wai a ba mace turmin atamfa ta dangwala, kafin atamfar ta koɗe wanda ya bayar ya manta hanyar Nima, ruwa kuma ya ci gaba da shiga ɗakinta. Duk matan layinmu suka juyo suna kallona. Na rufe rumfa, na tafi gidansu.

Na ce, "Ni kake zagi a rediyo?"

Ya ce, "Yaya, ban kira suna ba."

Na ce, "Wa ke raba atamfa a Nima in ba ni ba?"

Ya ce, "To kin ga, ke kika kira."

Ƙanwata ta toshe baki da mayafi ta shige ɗaki. Ni kuwa na daina yi masa magana. Naman layyarsu ya zo, na mayar. In mun haɗu a hanya ya rusuna ya ce, "Yaya, ina wuni," in wuce kamar iska ce ta kaɗa. Bai fasa ba ko sau ɗaya. Har yau ban ce ya yi daidai da ya tozarta ni ba. Matan nan ba su da wani abin da suke samu daga gwamnati sai wannan atamfar, ni na sani. Amma gotar tana nan inda ya bar ta.

Muna cikin wannan gaba aka yi kamen samari a unguwa. Masu kaki suka zo da mota suka kwashi duk wanda suka gani a bakin titi, har da autana, yana dawowa daga wajen ɗinki. Na je nan, a ce ba ya nan. Na je can, a ce in koma inda na fito. 'Yan jam'iyyar da na yi wa wahala, wannan ya ce yana taro, wancan ya ce ya yi tafiya. Na dawo gida na zauna a ƙasa, ni da ba a taɓa ganin hawayena a waje ba. Da hantsi sai ga sallamar mijin ƙanwata. Bai yi mini jaje ba, bai tuna mini komai ba. Cewa ya yi, "Yaya, ɗauko mayafinki."

Ya kai ni wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, ya zaunar da ni, ya matso da ƙarfen bakina. Na ce, "Me zan ce?"

Ya ce, "Ki kira shi yadda kike kiransa ya zo ya ci abinci."

Na kira. Ban san abin da na faɗa bayan nan ba, an ce na daɗe ina magana, an ce a kasuwar Nima mata sun ajiye ciniki. Kafin mu fito waya ta fara shigowa, wani ya ce ya ga inda motar ta shiga. Aka sako yaran duka, ba nawa kaɗai ba. Shi kuma mai gidan rediyon ya kira shi ya ce filin Hausa an ba mai tallan magani. Ya daɗe a zaune kafin wata ƙaramar tasha ta ɗauke shi. Da na je yi masa godiya, ya ce, "A garinmu na yi wa uwaye da yawa haka, ko ɗaya ɗanta bai dawo ba. Naki ne na farko. Ni zan gode miki."

Ya tsufa, muryar ta fara rawa, ya ajiye aiki, amma rediyo na nan a kunne. Sai shekarun baya kaɗan aka yi zaɓe a ƙasarsu, ɗan mutumin nan da ya sa aka kashe masa kunne ya tsaya takara. Mijin ƙanwata ya yi ta dariya, ya ce, "Ba za a yi ba, Yaya. Uwayen nan suna da jikoki." Aka yi. Ɗan ya ci, ci mai yawa, ba da bindiga ba, da ƙuri'a. Jikarmu ta nuna masa a waya yadda matasa ke rawa a titi, suna cewa zamanin uban shi ne zamanin jin daɗi, wai duk labarin kame-kamen ƙarya ce. Ya kalla har ƙarshe. Ya kashe rediyonsa, ya sa a aljihun tebur. Ba a sake jin ƙararsa a gidan ba.

Daga nan magana ta ƙare masa. Mutumin da in ya fara sai an ce ya isa, ya koma sai gaisuwa da salati. Ya daina fita sai masallaci, shi ya sa kuka ɗauka ya koma garinsu. Wata rana na je na zauna masa a hagu, na yi ta jansa da tsokana, na ce ko in kawo masa atamfa ne. Bai yi dariya ba. Can ya ce, "Yaya, kunne ɗaya na bayar. Na ɗauka na sayi wani abu da shi." Ita ce doguwar magana ta ƙarshe da na ji a bakinsa. Ya rasu a kan kujerarsa da rana tsaka, ƙanwata tana tsince shinkafa a gefensa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shi ne mutumin da aka ce kamar daga sama ya faɗo.

Muka shiga nema. Jikarmu ta yi ta latsa waya. Tashar da ya yi aiki a can ƙasarsu an sayar, kiɗa kawai suke sawa, wadda ta amsa ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. Ƙanwarsa ɗaya da yake ambata ta rasu tuntuni. Jikarmu ta tura saƙo ga wasu 'yan jarida na can, shiru. Arba'in na matsowa, ƙanwata kullum ta tambaye ni, "Yaya, sun amsa?" in ce, "Suna hanya." A kasuwar Makola na samu bakin zaren. Wata mai kai kabeji da albasa wani babban otal ta ce akwai mai dafa abinci a can, ɗan ƙasarsu ne. Na ɗauki jikarmu muka je, muka tsaya a ƙofar baya wajen kwandunan shara har ya fito.

Magidanci ne, zai yi shekara talatin da wani abu, mai fara'a. Da na ga fuskarsa sai na tuna mamacin, idon nan, guntun hancin nan. Jikarmu ta gaya masa da Turanci cewa wani dattijo ɗan ƙasarsu ya rasu a Zango, ba shi da kowa, muna roƙon ya zo ya zauna a matsayin dangi. Ya dafa ƙirji ya ce su ma suna yin kwana arba'in, zai zo. Bai nemi komai ba. Na koma unguwa na aika wa mai shela cewa mutanen garin mamaci sun aiko da wakili.

Ran addu'a muka je ɗauko shi a tasi. Ya sa farar riga mai aiki a gaba, ya riƙo babban faranti na abin da ya gasa da hannunsa. A hanya na ce wa jikarmu, "Gaya masa ko wane ne zai zauna dominsa." Na fara, tana juyawa: garin bakin teku, uwaye, makirfo, sojoji, kunne. Ina magana ina kallonsa, sai na ga fara'ar tana janyewa. Ya sunkuyar da kai ya yi magana a hankali. Jikarmu ba ta juya mini wannan ba.

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Kaka, a bar shi."

Na ce, "Ke, faɗa mini."

Ta ce, "Ya ce lokacin ba a haife shi ba. Babansa ya gaya masa zamanin an yi tituna da asibitoci, masu tada fitina kawai ake kamawa. Ya ce bai taɓa jin labarin uwaye a rediyo ba. Ya ce ki yi haƙuri, ba ya son ya yi miki ƙarya, shi ma ɗan ya zaɓa."

Tasi ta riga ta shigo Maamobi. Ga rumfuna, ga sarakunan ƙabilu da laimominsu, ga lasifika tana cewa baƙonmu daga ƙasar mamaci ya iso. Ga ƙanwata a bakin ƙofa cikin kayan takaba, ta dafa bango tana leƙe. Jikarmu ta ce, "Kaka, in ce direba ya juya?"

Da a ce mugu ne da na ji sauƙi, da na sauke shi a bakin gota. Amma yaron kirki ne, ga faranti a cinyarsa. Na dubi bencin. Na ce, "Buɗe ƙofa."

Aka zaunar da shi. Liman ya fara, sarakuna suka biyo, malamai, mahauta, masu shayi, kowa ya miƙa masa hannu ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Shi kuma ya rusuna, ya rusuna. Maƙwabciyar nan ta zo ta dafa ni ta ce, "Hajiya, ka cika magana."

Bayan an shafa fatiha sai mai shela ya ce, "Wakilin dangi zai yi magana a kan mamaci." Wannan ban shirya masa ba. In ya yi Turanci, rabin wurin za su ji. Na tashi, na ratsa ta cikin maza, abin da ban taɓa yi ba, na ce wa jikarmu, "Gaya masa ya yi da yarensu, yaren da mamaci ya sha a nono." Mai shela ya ce, "To Hajiya, wa zai fassara?" Na ce, "Ni. Shekara nawa ina zaune da shi?"

Baƙon ya miƙe, ya yi 'yar magana gajeriya, ya zauna. Ko kalma ɗaya ban sani ba. Na karɓi makirfo. Na ce ƙasarsa tana gaishe da mutanen Zango da suka riƙe mata ɗa. Na ce a garin bakin teku har yau tsofaffi in sun ji an kunna rediyo da safe sai su ambace shi. Na ce jikokin uwayen nan sun san sunansa, ana koya wa yara a makaranta cewa an yi wani mutum da ya buɗe ƙofa lokacin da kowa ya rufe tasa. Na faɗi kunnen. Na faɗi akwatin. Allah ya ba ni baki, ranar na yi amfani da shi duka. Tsohuwar Kotobabi ta rushe da kuka, mai shayi ya rufe fuska da hula, liman ya ce Allahu akbar. Wani ya ce, "Ashe babban mutum muke zaune da shi." Baƙon yana ta gyaɗa kai, bai san me nake cewa ba.

Duk abin da na faɗa game da mamacin gaskiya ne. Abin da na faɗa game da ƙasarsa ne babu. Shi ya sa na ce a rubuta wannan, don wanda ya yi kuka ranar ya san a kan me ya yi: babu wani gari da ke ambatonsa. In ba ku riƙe shi ba, ku da ya tsaya muku a bakin gota, ba mai riƙe shi a duniya. Ni kuma na tsufa, ku ma na ga irin riƙonku.

Da la'asar aka kwashe rumfuna, baƙo ya tafi da ƙunshin tuwo da nama. Na shiga ɗakin ƙanwata, tana zaune a kan tabarma. Na zauna kusa da ita na ce, "To, kin ga mutanensa sun zo."

Ta ce, "Sannu, Yaya. Kin sha wahala."

Na ce, "Kin ji abin da suka aiko."

Ta ajiye carbinta. Sannan ta ce, "Yaya, da yaren nan yake mafarki. Da shi yake yi wa 'yarmu wasa. Kin ɗauka duk zaman nan ban tsinci komai ba?"

Na ce, "Me yaron ya ce?"

Ta ce, "Ya ce bai san shi ba. Ya ce ko wane ne, Allah ya ba shi hutawa."